Garken Lemon Alhaji Buba

Da wuya rana ta fito ta faɗi wani matashi bai tsaya da babur a gaban rumfata ba, ya ƙare wa dashen lemon da na jera a leda kallo, ya ce, "Baba Sale, wallahi kai ka huta. Ka watsa ruwa, ka koma inuwa, masu motoci su zo su saya." Ba na musu da kowa. Nakan ce wa mutum ya je layin baya ya tsinko mini ganye biyu masu rawaya, ya gaya mini wanne ne yunwar taki ke damunsa, wanne ne kuma wata matsala daban. Sai ka ga ya juya ganyen, ya shinshina, ya yi dariya, ya ce ai duk rawaya rawaya ce. To ku da kuka ce kuna son koyon aikin nan, ku sauka daga kan baburan ku zauna. Zan ba ku labarin gonar wani dattijo da ya sayar da shanunsa kaf ya dasa lemo, amma sai kun fara jin yadda na koyi duba ganye.

A wajen Malam Ado na koya, a wani lambu da ke fadamar Miri. Aikin da ya fara ba ni shi ne tankaɗe ƙasa da cika leda, sai jan ruwa da guga, sai ɗaukar garwar ban-ruwa mai bakin rariya har kafaɗata ta yi kanta. Wuƙar aure kuwa, wadda ake yanko idon lemo mai zaƙi da ita a ɗaura a jikin wani dashe, sai dai in hange ta a aljihunsa. Yana wasa ta har sai ta aske gashin hannu, kuma ko matarsa ba ta isa ta ɓare albasa da ita ba. Na daɗe ina ganin mugunta yake yi mini. Kowace safiya sai ya tasa ni gaba mu bi layi-layi, ya tsaya a gindin bishiya ya ce, "Sale, me wannan take cewa?" In na ce ruwa take so, sai ya ce, "Kai dai ruwa, ruwa, kamar ɗan kwaɗo. Dubi inda rawayar ta fara. A tsohon ganye ne ko a toho?"

Akwai wata cuta da Malam Ado ya laƙaba wa suna kunnen ɓera. Sabon toho ne yake fitowa ƙanana, sirara, a miƙe tsaye, sun cunkushe a bakin reshe. Jijiyar ganyen tana nan kore, tsakaninta kuma rawaya dabbare-dabbare. Tsoffin ganyen ƙasa kuwa lafiya lau, kore shar. In abin ya yi nisa sai bakin reshe ya bushe, 'ya'yan su zo ƙanana, ba ruwa, ba zaƙi. Malam ya san kamanninta sarai amma bai san dalilinta ba, har Allah ya karɓi ransa maganinsa ɗaya ne, ya datse reshen da almakashi ya ce Allah ya kyauta.

Da na kafa rumfata na yi ta cin karo da kunnen ɓeran nan a gidajen mutane. A unguwar Wunti za ka shiga gida ka tarar da lemon tsami guda ɗaya a tsakar gida, a gindinsa ake zubar da tokar murhu, a nan ake watsa ruwan wanki, uwargida kuma ta ce maka tun da maƙwabciya ta yaba shi ya lalace. A Gwallameji, ma'aikaci ya gama gini, ya tura ɓaraguzan bulo da ragowar siminti cikin rami ya rufe da ƙasa, ya sayi tanjarin a wurina ya dasa a kai. In ya ƙanƙance sai ya dawo da mota yana ɗaga mini murya, wai na sayar masa da mara lafiya. Ina ganin toka, ina ganin siminti, ina zargin da hannunsu a ciki, amma ban san yadda abin yake ba sai a shekarar gonar Alhaji Buba.

Alhaji Buba Bafulatani ne, a ruga aka haife shi, da sanda a kafaɗa ya girma. Da burtali ya ƙuntata, ƙafa kuma ta fara gajiya, sai ya sayar da shanunsa ya zauna a gari, ya sayi fili a bayan Miri. Ranar da ya fara zuwa wurina ya ce, "Malam Sale, garke nake so wanda ba ya tafiya. Wanda in na mutu yara za su tarar da shi a inda na bar shi." Ni na auna masa ramuka, ni na dasa masa lemon zaƙi, ni na nuna masa yadda ake yi wa kowace bishiya kwari a gindi don ruwa ya zauna. Ban taɓa ganin mai gona irinsa ba. Kowace bishiya da sunanta, wannan Doguwa, waccan Mai Ƙaho saboda rassanta biyu da suka baje. Da safe yana bin su yana shafa jikinsu, yana yi musu magana da Fulatanci. Danginsa na daji suna yi masa dariya, wai ya musanya nono da ganye, shi kuwa ko a jikinsa. Gonar ta tashi, ta fara 'ya'ya, 'yan sari suka fara zuwa da a-kori-kura.

A wani rani ne ya aiko a kira ni. Ina shiga gonar na ga kunnen ɓera ya cinye fiye da rabinta. Na durƙusa a gindin Doguwa don in duba ko gara ce, sai na ga wani farin abu ya daskare a bakin kwarin, kamar gishiri. Na lakato na ɗanɗana.

Na ce, "Alhaji, wannan ai kanwa ce."

Ya ce, "Ita ce mana. Ungurnu ce ma, mai kyau, ba ta kasuwar ƙauye ba."

"Me ya kawo kanwa gindin lemo?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya kawo ruwa rijiya. Ya ce, "Malam Sale, wane mai garke ne zai bar dabbarsa shekara ba kanwa? Duk sauyin yanayi ina jiƙa musu. Waɗanda na ga sun rame kuma na ƙara musu, na kusa da su ma na ƙara, don kada ciwon ya kama su."

Banda kanwar, yana ƙona busasshen kashin shanu ya juye tokar a gindinsu, ga kashin kaji buhu-buhu. Mutumin nan ba sakaci ya yi ba, gata ne ya yi yawa. Ni kaina a lokacin ban isa in rantse cewa kanwar ce ba. Na dai ce ya dakata da ita, na tsinki ganye, na ɗebi ƙasa a leda, na hau babur na nufi ofishin aikin gona, wajen wata malamar gona da ake kira Malama Hajara, wadda takan sayi dashe a wurina.

Ta ɗaga ganyen ta duba shi a hasken taga, ta naɗe shi biyu a kan jijiyar tsakiya, ta nuna mini yadda rawayar gefen dama ta yi daidai da ta hagu. Ta ce akwai muguwar cuta mai kama da wannan wadda ba ta da magani, amma ita rawayarta ba ta daidaita haka. Ta jiƙa ƙasar ta tsoma wata 'yar takarda, ta ga launin da ta koma, ta girgiza kai.

Ta ce, "Baba, wannan ba annoba ba ce. Sinadarin zink ne bishiyar ba ta samu. Abin da take buƙata ɗan mitsitsi ne, amma in babu shi ganye ba ya buɗewa, reshe ba ya miƙewa."

Na ce, "To sai a sayo a zuba a gindi."

"Ai yana nan a ƙasar, Baba. Shan sa ne ya gagara. Me iyayenmu mata ke sa wa miyar yakuwa in ta yi tsami?"

Na ce kanwa.

"To ka gani. Saiwa ba ta shan abu sai ya narke a ruwan ƙasa, shi kuma zink sai ƙasa tana da ɗan tsami-tsami yake narkewa. Kanwa ta kashe tsamin, toka ta ƙara, kashin kajin nan mai yawa shi ma yana tare shi. Ko ka zuba sabo a gindi, ƙasar za ta riƙe shi kamar yadda ta riƙe na da."

A nan ne na fahimci tokar Wunti da simintin Gwallameji. Sai kuma ta gaya mini abin da nake so ku riƙe ko kun manta da sauran. Ta ce ruwan da ke hawa cikin itace shi ke ɗaukar zink daga saiwa ya kai ganye, in kuwa ya shiga ganye ya zauna ke nan, kaɗan ne ƙwarai yake sake fitowa. Abincin da ke cikin takin yuriya ba haka yake ba, in bishiya ta rasa shi takan kwaso daga tsohon ganye ta kai wa sabo, shi ya sa a yunwar taki ganyen ƙasa ne ke fara rawaya. A yunwar zink tsohon ganye yana riƙe da nasa, sabon toho ne ke fitowa hannu wofi. Saboda haka ta hanya ɗaya za a taimaka wa bishiyar, a fesa mata a ganye, kuma a fesa lokacin da toho ya fito yana da taushi, kafin ya yi tauri. Ganyen da ya riga ya ƙanƙance ba zai ƙara girma ba, ko da ya ɗan yi kore. Toho na gaba ake yi wa aiki.

Maganin farin gari ne kamar sukari, a shagon kayan gona ake samunsa. Ana dama shi a ruwa tsararo, domin in ya yi kauri ƙona ganye yake yi, kuma da sanyin safiya ake feshi, ba a cikin rana ba. Na goya famfon feshi na bi gonar Alhaji bishiya-bishiya. Muka kankare kanwar da tokar daga gindi, muka janye kashin kajin, muka yi ta kwarara ruwa gwargwadon abin da rijiyarsa za ta iya, ita ma a lokacin ta ja baya. Na zaunar da shi na ce, "Alhaji, feshin yau na riƙon ƙwarya ne. Yanzu bazara ce, ba toho. Sai ruwan farko ya sauka, sun fitar da sabon ganye, in dawo in sake fesawa. A nan za ka ga aiki. Kafin nan kada ka duba waɗannan ƙananan ganyen ka ce magani bai ci ba."

Ya ce, "To." Amma "to" ɗin Bafulatani sai ka san shi.

Ba a jima ba ya zo rumfata da kansa, da reshe a hannu. Ya ce, "Malam Sale, saniya in aka yi mata allura, kafin kasuwa ta zagayo ka ga ta ɗaga kai ta fara kiwo. Dubi wannan. Yadda ka bar shi haka yake."

"Alhaji, ai na gaya maka. Wannan ganyen ya gama nasa. Mu jira ruwa."

"Ga wasu can da da lafiyarsu ƙalau, yanzu bakin reshensu yana bushewa. Ciwon nan tafiya yake yi, layi-layi."

Na ce ba tafiya yake yi ba, waɗanda ya ƙara wa kanwa ne daga baya, yanzu abin yake bayyana a jikinsu. Ya murza reshen. Sannan ya ba ni labarin ciwon huhu da ya shiga garken mahaifinsa yana saurayi. Ya ce tsohon ya ƙi yanka na farkon da suka kamu saboda yana son su, ya yi ta jira yana ba su jiƙo, har ciwon ya bi garken ya share. Ya ce tun ranar ya ɗauki alkawari ba zai taɓa tsayawa kallon mara lafiya tana kashe masa mai lafiya ba. Ƙaninsa da ke kiwo har yanzu ya zo ya ga gonar, shi ma abin da ya ce ke nan. Na ce, "Alhaji, don girman Allah, bishiya ba ta shafa wa 'yar'uwarta yunwa. Ka ba ni zuwa saukar ruwa." Ya ce Allah ya kai mu, ya tafi.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Da ya sauka kuma, lokacin ne kowa ke son dashe, ina Gwallameji ina haƙa rami daga wannan gida zuwa wancan. Ina ganin lemon rumfata sun fara toho, na ce to lokaci ya yi, na ɗaure famfo a bayan babur na kama hanyar Miri. Tun daga nesa na ga gonar ta yi haske, ina hango rijiya daga bakin hanya, abin da da ba ya yiwuwa. Ya kira masu injin yankan itace. Duk bishiyar da ya ga kunnen ɓera a jikinta an kwantar da ita, rassan an tara su an cinna wuta, kamar yadda ake ƙona mushe. Masu injin kuwa itacen ne ladansu, don haka sun yanke har ƙasa-ƙasa, ba su bar ko taƙi guda ba. Doguwa ta tafi, Mai Ƙaho ta tafi. Abin da ya rage sai 'yan lafiyayyun bakin shinge, da wasu marasa lafiya ƙalilan a kusurwar gabas, kusa da wata tsamiya mai zuma a kogonta. Ƙarar inji ta tayar da zumar, ta kori masu yankan, suka ce sai wani jiƙon.

Na tarar da shi zaune a kan tabarma, hankalinsa kwance. Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Sale. Na raba su. Waɗancan na gindin tsamiya ma jibi za a dawo musu."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye masa ba. Na ce, "Haba Alhaji! Haba! Abin da na roƙe ka ke nan?" Ya ce gona tasa ce. Na ce gaskiya ne, amma ya bar mini na gindin tsamiyar, ai sun yi nesa da sauran, in sun mutu ni zan biya masu injin. Ya ce don darajata ya bari. Suna da toho a lokacin, ɗanye, jaja-jaja. Na rufe fuska da rawani saboda zuma, na fesa su, na fesa na bakin shinge, na ɗaure famfona na koma gida.

Damina ta yi nisa ya aiko a ce mini in zo maza-maza. Na same shi a bakin gona yana jirana, fuskarsa a washe, har yana kama hannuna. Ya ce, "Zo ka ga ikon Allah! Sun tashi! Yankan ne maganinsu!" Ya ja ni cikin kututtura. Kowane kututture ya fitar da rassa, dogaye, masu ƙarfi, ganye manya kore shar, ruwan sama ya wanke ƙasar. Ya durƙusa wajen kututturen Doguwa yana shafa su.

Na duba daga inda suka fito. Na ga ƙaya zaƙo-zaƙo. Na tsinki ganye na murza na miƙa masa na ce ya shinshina.

Ya shinshina, ya ce, "Wannan ƙanshin lemon tsami ne."

Na ce, "Shi ne, Alhaji. Duk lemon zaƙin da na dasa maka mai aure ne. Gindin na wani lemon tsami ne mai kaushin ɓawo, saboda saiwarsa ta fi jure ƙasarmu, a kansa aka ɗaura mai zaƙin, sama da ƙasa kaɗan. Masu injin sun yanke a ƙarƙashin gaɓar auren. Mai zaƙin ya tafi da wutar da aka ƙona."

"Ba za su yi zaƙi ba?"

"Sai an sake musu aure, a fara reno daga farko. Zan yi maka in kana so, amma sai an yi shekaru kafin ɗan sari ya sake shigowa da mota."

Ya miƙe da ƙyar, ya dogara sandarsa, ya nufi kusurwar gabas, ina biye da shi. Bai leƙa wajen ba tun ranar da na yi feshi, don yana ganin matattu ne. Muka tsaya a gaban bishiyoyin gindin tsamiya. Ƙananan ganyen nan na kunnen ɓera suna nan a cikin reshe yadda suke, amma daga samansu sabon toho ya miƙe, ganye faffaɗa, kore har baƙi-baƙi, wasu rassan ma sun yi fure. Ya kama reshe ɗaya ya sunkuyo da shi, ya dubi na ƙasa, ya dubi na sama. Waɗannan sun fi Doguwa jin jiki a lokacin da aka yanke ta, shi ma ya sani.

Ya juya ya dubi filin kututturan tun daga rijiya har bakin hanya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya saki reshen ya ce, "Malam Sale, ashe masu rai na yanka."